Wa Ke Riƙe da Makullin Ɗaki? Sirrin Iyali a Zamanin Tarayyar Sobiyet

Duk wanda ya kai ziyara wani tsohon gidan bene a Leningirad ko Mosko a shekarun 1930, abin da zai fara tararwa a bakin ƙofa shi ne takarda mai jerin sunaye. Wane, a danna ƙararrawa sau ɗaya. Wance, sau biyu. Iyalin su wane, doguwa ɗaya gajera biyu. Da baƙo ya danna, sai gida ya yi tsit ana ƙirge. Kafin mai baƙon ya kai ga buɗe ƙofa, iyali shida ko bakwai sun riga sun san wurinsa aka zo, sun san ƙarfe nawa ne, kuma za su san sa'ar da baƙon zai fita. Irin wannan gida shi Rashawa ke kira kommunalka, kuma a ganina daga nan ya kamata a fara duk wani bayani kan yadda gwamnatin gurguzu ta shiga rayuwar mutane.

Idan aka ambaci mulkin Sobiyet, hankali yakan tafi kan 'yan sandan ciki, da na'urar sauraro da aka binne a bango, da baƙar motar da ke zuwa tsakar dare. Duk an yi su. Amma yawancin mutane har suka bar duniya ba a taɓa dasa musu na'ura ba, don babu buƙata. Hukuma ce mai ɗakin da kake kwana, ita ce mai aikin da kake ci da shi, ita ce kuma ke buga hatimin da ya halatta maka zama a garin. Wanda ya riƙe waɗannan uku ba sai ya laɓe a bayan taga ba.

Bayan juyin juya halin Oktoban 1917, 'yan Bolshevik ƙarƙashin Lenin sun tarar da birane inda attajiri ke da ɗaki goma, ma'aikacin masana'anta kuwa yana hayar kusurwa ɗaya ta ɗaki, wani ma gado kawai. Ranar 20 ga Agustan 1918 aka fitar da dokar da ta soke mallakar gidaje a manyan garuruwa. Majalisun gari suka riƙa shiga manyan gidaje suna aunawa, a bar wa mai gida ɗaki guda, sauran a raba wa ma'aikata da sojoji. Daga baya aka tsayar da ƙa'ida cewa rabon kowane mutum murabba'in mita 9 ne, wato mita uku tsawo mita uku faɗi. Abin da ya haura haka rara ne, ana iya cusa maka wani. To amma ko wannan ɗin ma ya gagara. Jama'ar Mosko sun tashi daga kimanin miliyan 2 a 1926 zuwa fiye da miliyan 4 a 1939, masana'antu na jan mutane, yunwa da tilascin gonakin tarayya na koro su daga ƙauye, gini kuwa bai bi sahu ba. Zuwa 1940 abin da ke kan kowane mutum a birnin bai fi mita 4 da 'yan kai ba.

Ba ƙarancin gidaje ne kaɗai ya jawo ba, akwai aƙida a ƙasa. 'Yan gaba-gaba irin su Alexandra Kollontai suna kallon gidan iyali, da tukunyarsa da wankinsa, a matsayin kurkukun mace kuma makarantar son kai. Burinsu shi ne a ci abinci a ɗakin ci na jama'a, a kai yara gidan reno, a kai tufafi wurin wanki na gwamnati. An gina manyan wuraren girki masu dafa wa dubban mutane, kuma wajen 1930 aka kammala ginin Narkomfin a Mosko, wanda aka ƙanƙanta kicin a ɗakunansa da gangan don mutane su saba da cin abinci tare. Dokar iyali ta 1918 ta raba aure da coci. Ta 1926 ta sauƙaƙa saki har ta kai mutum na iya zuwa ofishin rajista shi kaɗai ya kashe aure, a aika wa ɗayan kati ta gidan waya. A 1929 har mako aka taɓa: aka mayar da shi kwana biyar, kowane rukunin ma'aikata da ranar hutunsa daban, ta yadda miji na hutu mata na aiki, Lahadi da Juma'a suka zama ranaku kamar kowace rana. Sai 1940 aka dawo da mako mai kwana bakwai. Yawancin waɗannan mafarkai sun mutu saboda babu kuɗin cika su. Abin da ya rage a ƙasa shi ne tarayyar dole a tsofaffin gidaje.

Mu shiga ciki mu gani. Dogon lungu ne mai duhu, cike da akwatuna da kekuna da bahon wanka a rataye, ƙofofi a jere dama da hagu, bayan kowace ƙofa iyali guda: miji da mata, 'ya'ya, sau da yawa har da kaka. A raba ɗakin da kabad ko labule, nan ma'aurata, can tsohuwa da jikoki. A kicin kowace mace da teburinta da rishonta, sai ka ga risho shida na ci lokaci guda, ga hayaƙin kananzir ga tururin wanki. Akwai masu ɗaura wa murfin tukunya kwaɗo idan za su koma ɗaki. A banɗaki za ka ga mazaunin masai na katako har biyar rataye da ƙusa, kowane iyali da nasa. A wasu gidajen har ƙwan lantarki kowa da nasa da makunninsa, don kada wani ya yi wanka da wutar da wani zai biya. Jadawalin shara da goge-goge na manne a bango, ana raba kwanakin bisa yawan kawunan da ke kowane ɗaki. Idan gidan na da wayar tarho, a lungu take, duk abin da ka faɗa ya shiga kunnen kowa.

Wanda ya taɓa zaman gidan haya mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya makewayi ɗaya, zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, zo mu zauna zo mu saɓa. Bambancin shi ne ɗan haya idan zama ya ƙi daɗi yakan tattara komatsansa ya nemi wani gida. A can babu wani gidan. Ɗakin na majalisar gari ne ko na masana'antar da kake wa aiki, maƙwabcin kuma ba kai ka zaɓa ba, sai a haɗa farfesa da ɗan dako, ko tsohuwar uwar gida da wadda ta yi mata aikatau jiya. Ma'aurata sukan rabu a hukumance su dawo su ci gaba da kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru, labule ne kawai tsakani. Kada kuma a ɗauka duk gaba ce. Maƙwabta sun riƙe wa juna yara, sun ranta wa juna gishiri da kuɗi kafin albashi, sun yi jinyar tsofaffin da ba su da kowa. Da yawa cikin waɗanda suka tashi a irin gidajen nan suna tuna su da kewa. Vladimir Putin ma a irinsa ya girma a Leningirad.

A Disamban 1932 aka ƙara ɗaure igiyar. Aka fito da fasfo na cikin gida ga mazauna birane, tare da hatimin zama da ake kira propiska. Babu hatimi babu aiki, babu katin rabon abinci; babu aiki kuma da wuya a samu hatimi. Manoman gonakin tarayya ba a ba su fasfon ba sai bayan dokar 1974, wato shekara arba'in ba su da ikon barin ƙauye sai da takardar hukuma. Kowane gida na da littafi da ake rubuta wanda ya tare, wanda ya tashi, da baƙon da ya daɗe. Manajan gida ke riƙe da shi, mai sharar tsakar gida kuma shi ne idonsa. Idan 'yan sanda suka zo bincike da dare, sau da yawa shi ake tasowa ya tsaya shaida.

Ga kuma takardar tambayoyi da ake cikewa duk lokacin neman aiki ko makaranta ko shiga jam'iyyar gurguzu mai mulki. Me mahaifinka ke yi kafin 1917? Kana da dangi a ƙasar waje? An taɓa kama wani naka? Bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙara da cewa, ka zauna a yankin da Jamusawa suka mamaye? Ɗan limamin coci, ko ɗan manomi mai hali irin waɗanda aka laƙaba wa suna kulak, ya san amsar gaskiya za ta toshe masa hanya. Sai mutane suka koyi ɓoye asali. Aka ƙone hotunan kakanni, aka sauya sunaye, wasu suka buga sanarwa a jarida cewa sun yanke hulɗa da iyayensu. Abin da ya fi ciwo shi ne ɓuyan bai tsaya ga hukuma ba. Mutum ya auri mace shekara ashirin bai gaya mata an taɓa kai mahaifinsa gudun hijirar dole ba, kuma mai yiwuwa ita ma tana da nata a ciki. Yara kuwa ba a magana a gabansu, don abin da yaro bai ji ba ba zai maimaita a aji ba.

Tsoron bakin yaro yana da dalili. A Satumban 1932 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 13, Pavlik Morozov, da ta ƙaninsa a daji kusa da ƙauyen Gerasimovka a yankin Ural. Labarin da gwamnati ta bayar shi ne yaron ya kai ƙarar mahaifinsa ga hukuma, danginsa kuma suka kashe shi don ramuwa. Aka yanke wa huɗu daga cikin dangin hukuncin kisa, har da kakanninsa. Aka gina masa gumaka, aka sa sunansa a tituna, aka koyar da labarinsa ga yara na tsawon shekaru da dama. Masu bincike da suka duba takardun shari'ar daga baya sun gano an yi wa labarin ƙari mai yawa. Amma saƙon ya riga ya isa kowane gida: jam'iyya tana gaba da uba.

Kundin tsarin mulkin da shugaba Joseph Stalin ya kawo a 1936 yana da sashe na 128, wanda ya ce doka ta kare alfarmar gidan ɗan ƙasa da sirrin wasiƙunsa. Shekara ɗaya bayan haka aka shiga babban kisan 1937 da 1938, inda bisa lissafin hukumar 'yan sandan ciki ta NKVD kanta aka harbe mutum fiye da 680,000. A nan ne ake yawan kuskure, a ce maƙwabta ne suka cinye juna da tsegumi. An samu masu rubuta takardar sharri don a kama maƙwabci su gaji ɗakinsa, babu musu. Amma mafi yawan kamun daga sama ya sauko. Umarni mai lamba 00447 na 30 ga Yulin 1937 ya yanka wa kowane lardi adadin waɗanda za a harbe da waɗanda za a ɗaure, jami'ai kuma suka cika adadin daga tsofaffin jerin sunaye da kuma sunayen da aka tatsa da duka. Aikin da tsegumi ya yi daban ne: ya sa kowa ya ɗauka ana jin sa. Ba sai maƙwabcinka ya kai rahoto ba, sanin cewa zai iya kaiwa ya ishe ka kame baki, tunda baki shi ke yanka wuya, kuma barkwanci ɗaya kan shugaba na iya jawo shekaru a sansanin aikin dole ƙarƙashin sashe na 58 na dokar laifuffuka.

Laifi kuma ba ya tsayawa kan mai shi. Wani umarnin na Agustan 1937 ya ce a kama matan waɗanda aka kira maciya amanar ƙasa, a ba su shekara biyar zuwa takwas, a kai 'ya'yansu gidajen marayu. An buɗe musu sansani na musamman kusa da Akmolinsk a Kazakhstan, garin da yau ake kira Astana. Ko littafin da mutum ke rubuta abin da ke ransa bai tsira ba. Nina Lugovskaya 'yar makaranta ce a Mosko, ta fara rubuta nata tana da shekara goma sha uku, tana zuba haushinta kan Stalin a tsakanin hirar samari da kukan jarrabawa. A 1937 aka ƙwace littafin, mai bincike ya bi shi yana jan layi da jan fensir ƙarƙashin duk jimlar da za ta zama hujja. Ita da mahaifiyarta da yayyenta mata biyu aka aika su sansanonin Kolyma da ke can arewa maso gabashin ƙasar, shekara biyar. Bayan rushewar ƙasar aka samo littafin a ma'ajiyar hukuma, da jan layukansa.

Duk da haka akwai wurin da hannun hukuma bai kai ba, kuma ita da kanta ta gano haka. A ƙidayar Janairun 1937 an sa tambaya kan addini. Bayan shekara ashirin ana rufe coci da masallaci, fiye da rabin manya suka amsa cewa masu imani ne, a gaban ma'aikacin gwamnati mai biro a hannu. Aka soke sakamakon ƙidayar, aka kama shugabanninta, aka harbe wasu.

A yankunan Musulmi na tsakiyar Asiya rikicin ya fi shiga cikin gida kai tsaye. Ranar 8 ga Maris ɗin 1927 aka ƙaddamar da kamfe mai suna hujum a Uzbekistan, aka tara mata a dandali su cire lulluɓin paranji su jefa a wuta. Aka matsa wa 'yan jam'iyya su fito da matansu ko su rasa muƙami. Matan ne suka shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki: wadda ta ƙi cirewa mijinta ya shiga uku a wurin aiki, wadda ta cire kuma tana iya gamuwa da wuƙar ɗan'uwanta. An kashe ɗaruruwa, wasu masana ma sun ce sun haura dubu biyu cikin shekaru uku. Da tafiya ta yi nisa lulluɓin ya ɓace, amma sauran abubuwa suka koma bayan katanga. A je ofishin rajista a ɗaura auren gwamnati, da dare a kira malami ya ɗaura na Musulunci. Ana yi wa yara kaciya, ana yi wa mamaci wanka da salla ko da babban ɗan jam'iyya ne. A 1943 Stalin ya yarda aka kafa hukumar addini a Tashkent mai kula da 'yan masallatan da aka bari, aikin hajji kuma sai 'yan tsiraru da aka tace, waɗanda ba su wuce gommai a shekara ba. Karatun gaske kuwa a ɗakunan gida ya ci gaba, wurin malamai maza da mata, irin su Muhammadjon Hindustoniy da ya yi shekaru yana koyarwa a ɓoye a Dushanbe.

Shi Stalin ɗin da kansa ya juya wa mafarkin rushe iyali baya, amma ba don ya bar wa iyali sirrinsa ba. Yana son haihuwa ne. Zubar da ciki da aka halatta a 1920 aka haramta shi a 1936. A 1941 aka sa wa marasa 'ya'ya haraji. Dokar 1944 ta mayar da saki aikin kotu mai tsada, kuma sai an buga sanarwarsa a jaridar gari kowa ya karanta, abin da ya ci gaba har 1965. A 1947 aka haramta auren ɗan ƙasar waje gaba ɗaya. Bayan mutuwar Stalin a 1953 aka janye wannan haramcin.

Babban canjin da ya zo bayan haka ba daga kotu ko majalisa ya fito ba, daga siminti ya fito. A Yulin 1957 gwamnatin Nikita Khrushchev ta yanke shawarar kowane iyali ya samu gidansa. Aka riƙa zuba bangaye a masana'anta, a kwaso su a mota, a harhaɗa bene mai hawa biyar cikin 'yan makonni. Hawa biyar ne don kada a sa na'urar hawa. Unguwar Cheryomushki a Mosko ita ce zakaran gwajin dafi, daga nan aka kwaikwaya ko'ina a ƙasar. Gidajen ba su da kyan gani, rufi ƙasa-ƙasa, bango siriri, kicin bai wuce murabba'in mita biyar ko shida ba, layin jira kuma na iya cin shekara goma. Amma gomman miliyoyin mutane sun samu abin da iyayensu ba su taɓa samu ba: ƙofar da za su rufe, ba kowa a bayanta sai nasu.

Wannan ɗan kicin shi ya zama majalisar ƙasar ta gaskiya. A matsa teburi jikin taga, a ɗora shayi da burodi da kokwamba mai tsami, ga masu sha kuma kwalbar vodka, mutum biyar ko shida gwiwa na gugar gwiwa har asuba. A nan ake ba da barkwanci kan shugabanni, a nan ake murɗa rediyo ana neman BBC ko Muryar Amurka cikin ƙarar da gwamnati ke watsawa don toshe su. A nan ake miƙa wa aboki rubutun da aka hana bugawa, wanda aka buga da tafireta da takardar kabon kwafi huɗu ko biyar, na ƙarshe da ƙyar ake karanta shi, a ce gobe da safe a dawo da shi. Wata jaridar ɓoye mai tattara labarin kame da shari'o'i ta fara fita a Afrilun 1968, ta yi kusan shekara goma sha biyar tana zagawa hannu da hannu. Tun kafin rikoda ta yawaita, matasa na yanka faifan kiɗan da aka haramta a kan tsohon hoton ƙashi na asibiti. Da wuya Khrushchev ya yi nufin haka sa'ad da yake rabon makullai.

Sai dai shi wannan mai rabon makullai bai yarda a bar mutum ya sake ba. Ra'ayinsa shi ne tunda an rage duka da harbi, to jama'a su riƙa gyara junansu. A 1959 aka kafa 'yan sintirin sa kai masu jan ƙyalle a damtse, suna tare matasa a titi saboda matsattsen wando ko tsawon gashi. A 1961 aka farfaɗo da kotunan abokan aiki a masana'antu da unguwanni, inda ake tsayar da mutum gaban jama'a kan shaye-shaye, dukan mata ko faɗa da maƙwabta. A shekarar kuma aka yi dokar hukunta zaman kashe wando. Da ita aka gurfanar da mawaƙi Joseph Brodsky a Leningirad a 1964, aka yanke masa shekara biyar a ƙauyen arewa. An rufe kusan rabin cocin da suka rage, kuma aka tilasta a rubuta bayanan fasfon iyayen duk jaririn da aka kawo baftisma, labari kuwa ya kai wurin aiki. Shi ya sa kaka ke ɗaukar jika ta kai shi cocin wani ƙauye mai nisa, iyaye su ce ba su sani ba.

Akwai wani ɓangare da ba a cika son faɗa ba. Sau da yawa mutane ne da kansu ke buɗe wa hukuma ƙofa. Matar da mijinta ke shanye albashi ko yake bin wata sai ta rubuta wa kwamitin jam'iyya na wurin aikinsa. A kira taro, a karanta wasiƙar, abokan aiki su tattauna aurensa kamar yadda suke tattauna lissafin kaya, a ba shi gargaɗi a rubuce. Wanda aka rubuta wa irin wannan na iya rasa ƙarin girma ko damar fita waje. Ga mace da ba ta da wani makami, wannan makami ne, kuma ba na jin adalci ne a zarge ta. Amma kowace wasiƙa irin wannan tana tabbatar wa jam'iyya cewa tana da hurumi a ɗakin kwana.

Zamanin Leonid Brezhnev, daga 1964 zuwa 1982, sai aka kai ga wata yarjejeniya da ba a rubuta ba. Ka zo taro, ka ɗaga hannu lokacin da kowa ya ɗaga, ka fito jerin gwanon 1 ga Mayu, ka kaɗa ƙuri'a ga ɗan takara tilo. Abin da ka faɗa a kicin ɗinka kuma ruwanka, muddin bai fita waje ba. Aka raba wa ma'aikata filayen lambu na murabba'in mita 600 a bayan gari, inda suke shuka dankali su kafa ɗan ɗakin katako. Rayuwa ta koma ta wa ka sani: wannan ya samo maka nama ta ƙofar baya, kai ka samo masa likita. Hukumar 'yan sandan ciki ta KGB ƙarƙashin Yuri Andropov ta buɗe sashe na biyar a 1967 don masu saɓanin ra'ayi, kuma mafi yawan aikinta ba kamu ba ne, gayyata ce zuwa hira. A zaunar da kai cikin ladabi, a maimaita maka maganar da ka yi a wani biki, a tambayi lafiyar 'yarka mai shirin shiga jami'a, a sallame ka. Wanda ya ƙi jin wannan hannunka mai sanda shi ke ganin sansani ko asibitin mahaukata. Mutane suka saba da ɗora filo a kan wayar tarho, da sakin famfo yayin magana, da katse aboki da cewa wannan ba zancen waya ba ne. Tsarin mulkin 1977 kuwa, a sashe na 56, ya ƙara hirar tarho cikin abubuwan da doka ta kare.

Jamus ta Gabas ce ta kai wannan sana'a ƙarshenta. Ƙasa mai mutum kimanin miliyan 16, amma a 1989 hukumar 'yan sandan cikinta, Stasi, na da ma'aikata kusan 91,000 da 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000. Bayan faɗuwar katangar Berlin jama'a suka mamaye ofisoshinta don hana ƙona takardu, kuma daga Janairun 1992 aka bai wa kowa damar karanta fayil ɗinsa. Takardun da suka tsira, idan aka jera su, sun kai kilomita 111. 'Yar gwagwarmaya Vera Wollenberger ta gano cewa mai kai rahoto a kanta da sunan Donald mijinta ne, uban 'ya'yanta.

Rasha ba ta bi wannan hanya ba. Dokar Yulin 1991 ta ba mutane damar mallakar gidajen da suke ciki kyauta, aka kuma maye gurbin propiska da rajistar zama a 1993. Masu kuɗi suka riƙa sayen tsofaffin kommunalka na tsakiyar gari, su raba wa mazauna ƙananan gidaje a gefen birni, ko da yake har yau akwai dubbai a tsohon Leningirad, wanda ya koma sunansa na da, Saint Petersburg. Fayilolin kuwa suna hannun FSB, magajiyar KGB. Dangin wanda aka wanke daga laifi na iya neman ganin takardun shari'arsa, amma sunayen 'yan rahoto a rufe suke. Yukiren ta buɗe nata ma'ajiyar a 2015, Latbiya ta wallafa katunan 'yan rahoto a 2018. A Rasha tun 1995 aka kafa tsarin SORM da ke bai wa jami'an tsaro hanyar shiga layukan sadarwa, dokar 2016 kuma ta wajabta wa kamfanonin waya adana hirar mutane har tsawon wata shida. Ƙungiyar Memorial, wadda ta shafe shekara talatin tana tattara sunayen waɗanda aka kashe da wasiƙun iyalansu, kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin rufe ta a Disamban 2021.